Gaisuwar Doki

Shekaranjiya matata ta jiƙa dusa da jar kanwa a tsohuwar roba za ta ba tunkiyarta. Ina zaune a bakin ƙofa ina ɗinke ragata ta su, sai warin ya bugo ni. Ba ƙamshi ba ne, kada in yi maka ƙarya, wani tsami-tsami ne mai kama maƙogwaro. Na ajiye ragar na fita waje. Ta biyo ni tana tambaya ko ciwon kan ne ya motsa, na ce mata eh. To me zan ce? In ce warin abincin tunkiya ne ya sa ƙato da furfurarsa yake neman yin kuka?

Ni ba marubuci ba ne. Bokona bai yi nisa ba aka ce in dawo gida, ruwa yana jira. Saboda haka yadda abin ya zo bakina, haka zan zuba maka shi.

Garin da aka haife ni ba garinmu ba ne. Sunan garinmu ne da shi, amma ba shi ba ne. Namu na asali yana ƙarƙashin ruwan Tiga, da masallacinsa, da rijiyoyinsa, da kabarin uban kakana. Da za a tare ruwan, aka kwaso mutanenmu aka zube su a kan wani tudu mai tsakuwa ta wajen Bebeji, aka yanka musu filaye a jere kamar kunyar gyaɗa, aka ɗauko sunan tsohon garin aka liƙa wa wurin. Ni a nan na buɗe ido. Ina yaro in na ce "garinmu", sai in ga Kaka ya kau da kai, kamar an kira shi da sunan wani.

Kaka, wato mahaifin babana, manomi ne. Ba basarake ba ne, bai haɗa komai da fada ba. Amma yana da doki. Akawali, baƙi wuluk, da ɗan fari a goshi kamar an ɗiga nono. A bargar gidansa goɗiya ta haife shi, a tsohon gari, shi ya goge shi da hannunsa. A can akwai fadama, harkiya har gwiwa, yaro ma in ya fita da lauje kafin hantsi ya cika buhu. A tudun da aka kawo mu kuwa, akuya ma sai ta sha yawo kafin ta ƙoshi. Damina ɗaya dokin ya yi a sabon wuri haƙarƙarinsa suka fito. Babana ya ce a sayar. Iya, kakata mace, ta sha ba ni labarin: ta ce gari na wayewa Kaka ya ɗaura sirdi ya nufi kudu, ya kai dokin wurin taubashinsa a ƙasar Doguwa, inda ciyawa ba ta yankewa, ya ba shi riƙo. Ya dawo a mota, ya shigo gida da sirdi a ka.

Tun daga nan, duk shekara in damina ta ja baya, sai ya ƙulla jar kanwa a tsumma, ya auni dawa a ɗan buhu, ya tafi. Haka ake faɗa a gidanmu, ba da wasa ba: Kaka ya tafi gaida doki. Mutanen unguwa suna dariya a bayan idonsa. Su sun haƙura, sun koyi su, sun koyi noman rani, wasu har sun yi rufin kwano. 'Ya'yansa ma sun saba. Dokin nan ne kaɗai, cikin duk abin da ya fito daga tsohon gari da ransa, bai taɓa yarda da sabon wurin ba. Ina jin shi ya sa Kaka yake ganin in dokin yana nan, to garin ma bai gama nutsewa ba.

Sai yanar ido ta sauko masa. A hankali ta zo, har ta kai ba ya bambance mutum da turmi. Shekaru suka wuce bai je ba, babana ya hana. Ni lokacin ina firamare, ni ne ɗan jagoransa zuwa masallaci. Ban taɓa ganin dokin ba, amma na san shi fiye da malamin ajinmu. Na san ba ya son warin taba. Na san ya taɓa kai Kaka Kiru ya dawo da shi kafin azahar, ranar da aka ce ƙanwarsa ba lafiya. Na san in Kaka ya yi masa wani ɗan fito, ko yana cin hatsi sai ya bari ya zo ya cusa hanci a aljihun rigarsa.

"Kai ja'iri," yakan ce min, "ran da ka ga dokin nan sai ka raina ubanka da kekensa."

"Kaka, ai ya tsufa kamar kai. Ƙila ma haƙoransa sun zube."

"Naka ne za su zube in sandar nan ta same ka. Matso in ji inda kake."

Wata shekara, bayan an yanke gero, ya ce ko ɗaure shi za a yi sai ya je. Iya ce ta shiga tsakani. Ta ce wa babana, "Bar shi ya je. Ga ƙaramin mijina nan, ya riƙe masa sanda." Aka ba wani mai kai kaya kasuwar Tudun Wada saƙon baki, ya isar can cewa muna tafe. Wannan saƙon, da ba a aika shi ba, ban san yadda abin zai kasance ba.

Tafiyata ta farko ke nan da ta wuce Bebeji. A-kori-kura muka hau zuwa Tudun Wada, ranar kasuwa, shanu da buhunan masara ko'ina, Kaka ya saya min rake. Daga nan muka samu bayan wata babbar mota da za ta ratsa dajin Falgore. Ni da ban san itace ya wuce darbejiyar makarantarmu ba, sai ga daji ya haɗe, kore shar, sanyi yana fitowa daga cikinsa kamar an buɗe randa. Birai zaune a bakin titi, mota na wucewa ko gezau. Kaka yana riƙe da kafaɗata yana cewa, "Me ka gani? Faɗa min." Na ce ga wata gada. Ya ce, "Tana nan ashe." Na ce ga wani dutse kamar an kifa ƙwarya. Ya ce, "Yana nan ashe." Har na yi masa dariya, na ce ina dutse zai je. Sai da na girma na gane mutumin da gari guda ya ɓace masa ba ya yarda da dutse ma.

Garin taubashin nasa tsoho ne, a gindin duwatsu. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokin mutumin suna nan da ransu. Ganuwa ta kewaye shi, ta zube a wurare, itatuwa sun tsiro a kanta. Ga kukoki waɗanda mutum biyar ba sa rungumewa, ga ramukan marina da aka daina rini a cikinsu. Abin da aka san garin da shi kuwa doki ne. Ba na ado ba. Talaka ma yana da turke a ƙofar gida. Da doki suke zuwa gona mai nisa, da shi suke cin kasuwar ƙauye. Kowane lungu warin kashin doki da harawa, wannan ya yi haniniya, wancan ya amsa daga bayan katanga. Muna shiga ƙofar gari Kaka ya tsaya cak, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya ɗaga. Ban taɓa ganin fuskarsa haka a gida ba.

Taubashin ya fito taryar mu, dogo siriri, gemu fari fat. Ka san taubasai, babu maganar da ba sa yaɓa wa juna.

"Lale da bawana! Wa ya kwance ka? Ashe makanta ma ba ta hana ka yawon kwaɗayi ba."

"Rufe min baki, ɓarawon doki. Na zo duba kayana."

"Da wane idon? Kai da ko jaki na jawo maka sai ka ce shi ne."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Yanzu in na tuna maganar nan sai tsigar jikina ta tashi. Mutum yana tsoron abu, bakinsa kuma ya ja shi ya kai shi wurin.

Aka kawo fura da nono mai sanyi, aka kawo tuwo. Kaka ya tambayi doki, aka ce yara sun kai shi rafi wanka. Aka yi azahar, ya sake tambaya, aka ce yana shanya. Sai bayan la'asar aka jawo shi.

Wallahi har yau ban sake ganin halitta irin wannan ba. Baƙi wuluk, yana sheƙi kamar an shafe shi da man gyaɗa, ga farin goshin nan ɗas, wuya a tanƙware, yana taka ƙasa kamar tana ƙona shi. Samari biyu ne suke riƙe da shi, da ƙyar. Ban san sanda na ƙwala ihu ba.

"Kaka! Ga shi nan! Wallahi ya fi yadda kake faɗa!"

"Faɗa min."

Na shiga zuba. Na ce ƙirjinsa kamar ƙofa, na ce babu ƙashi ko ɗaya a waje, na ce ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai rawa yake. Ina ta murna, ban kula hannunsa yana ƙara nauyi a kafaɗata ba.

Ya yi ɗan fiton nan. Dokin ya kaɗa kunne, ya kalli wani wajen. Ɗaya daga samarin ya yi maza ya ce, "Hayaniya ce ta yi yawa, Baba." Kaka ya ce in matsa da shi. Ya ɗora tafin hannu a wuyan dokin, ya bi geza, ya gangaro goshi, ya tsaya a saman ido, daidai inda tsohon doki yake yin rami. Ya daɗe a nan. Sannan ya ɗaga leɓen ya bi haƙoran da babban yatsa, a hankali. Na ɗaga kai na ga taubashin ya zuba wa ƙasa ido.

Sai Kaka ya ce, "Kai! Bawan nan, me kake ba shi? Na bar maka dattijo ka mayar min da shi saurayi. Gobe ni ma a ɗaure ni a turken nan a dinga zuba min harawa."

Dariya ta fashe, irin wadda ta fi ƙarfin maganar. Taubashin ya ce, "Kai ko a rafi aka jiƙa ka ba ka komawa." Kaka ya kwance ƙullin kanwarsa, ya sa aka kawo dusa da ruwa, ya dama da hannunsa, ya riƙe ƙwaryar har dokin ya suɗe. Warin da na gaya maka ke nan. Da ya gama ya shafa wuyansa ya ce, "Madalla. Allah ya raya ka." Irin addu'ar da ake yi wa ɗan maƙwabci.

Washegari da hantsi ya ce in kai shi bayan gari ya sha iska. Muka hau wani wuri da ganuwar ta zube ta zama tudu, muka zauna. Daga nan kana ganin komai. Duwatsu a jere har inda ido ya ƙare, dawa ta yi kai tana kaɗawa, rafi yana ƙyalli a ƙasa. Wani Bafulatani ya wuce da shanu ya gaishe mu da Fillanci, Kaka ya amsa da ɗan abin da ya iya. Na fara faɗa masa abin da nake gani kamar jiya. Na ce ga dutse, na ce ga rafi. Bai ce yana nan ashe ba.

Can ya ce, "Kai, ka iya gaisuwar mutuwa?"

"Na ga yadda ake yi."

"To sauko gabana ka yi min."

"Wa ya mutu, Kaka?"

"Ban ce ka yi tambaya ba."

Na ɗauka wasa ne irin namu. Na cire takalmi na durƙusa, ina danne dariya, na yi murya irin ta manya. "Malam, ya haƙuri?"

"Da godiya," ya ce. Ba wasa a ciki.

"Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan…"

"Tsaya nan. Wannan ba a yi wa dabba."

Na daina dariya. Na ce, "To wanda muka gani jiya fa?"

"Na mutane ne. Yaro ne, ko rabin shekarun nawa bai yi ba. Nawa ya tafi."

Ban san idon da ba ya gani yana zubar da hawaye ba sai ranar. Suna gangarowa suna shiga gemunsa, bai share ba. Ni kuma sai zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe na ce ƙarya suka yi mana, bari in je in faɗa musu mun sani. Ya cafke wuyan hannuna, ashe da sauran ƙarfi a jikin tsohon.

"In ka buɗe baki, ba ni ba kai. Ka san ƙauyukan da mutumin nan ya taka kafin ya samo baƙi mai farin goshi? Ka san wanda ya je ya durƙusa wa ya aro shi? Tun muna yara bai taɓa jin nauyin gaya min magana ba, sai wannan." Ya saki hannuna. "Da wani ramammen tsoho ya samo, da ƙila na rufe bakin zuciyata na yarda. Amma ba zai iya nuna min ramammen doki ba, kar in ce bai riƙe amana ba. Shi ne ya je ya ɗauko wanda ya fi kowanne kyau. Wawa. Ya manta doki ma yana tsufa."

Na koma na zauna kusa da shi. Rana ta fara zafi. Ya ce, "Da ruwa ya ci gari, duk wanda ya zo cewa yake Allah ya mayar da alheri, kamar akuya ce ta ɓata. Ba wanda ya shimfiɗa tabarma ya zauna da mu. In na koma na ce doki ya mutu, haka za su sake ce min. Ni ba na so a mayar min da komai. Shi ya sa na ce ka yi min. Taka ta isa. Tashi mu je, kar su ce mun ɓata."

Da za mu tafi taubashin ya rako mu har ƙofar gari. Ya zaro wata tsohuwar ragama daga aljihu, igiyar ta sha hannu ta yi baƙi, da ɗan gashi maƙale a ƙullinta, baƙi da fari-fari. Ya danƙa wa Kaka.

"Ungo, bawana. Ta tsufa, mun yi masa sabuwa. Tafi da ita ka ɗaure akuya."

Kaka ya kai ta hanci, sannan ya cusa a aljihu. "Rowar nan dai tana nan. Mutum ya taso tun daga Bebeji a sallame shi da igiya."

Suka riƙe hannun juna, suka daɗe. Ba wanda ya ce sai baɗi.

A gida Iya ta tambaya, "Ya ka baro shi?" Ya ce, "Ya yi ƙiba. Tambayi mijinki." Ni kuma na faɗi abin da idona ya gani, ban ƙara ba, ban rage ba. Babana har ya ce wa Kaka to ka gani, da ma hankalinka ya kwanta. Da Iya ta zo wanke rigar tafiyar ta ci karo da ragamar. Ta jujjuya ta a hannu, ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta je ta rataye ta a ƙusar da sirdin yake. Ranar ba ta tsokane ni ba.

Daga nan Kaka bai sake ba ni labarin doki ba. A da, in rani ya yi ruwa ya ja baya, yakan sa in kai shi bakin dam in duba masa ko kan kukar tsohuwar kasuwa ya fito. Wannan ranin bai ce mu je ba. Kafin ruwan fari ya sauka ya rasu. Aka shimfiɗa tabarmi har waje, mutane suna ta zuwa, ya haƙuri, ya haƙuri. Ina zaune a gefen babana ina jin su, ina cewa a raina ashe kun iya.

Bara na koma garin taubashin. Busasshen kifi na kai Doguwa, na ga rana da saura, na hau ɗan acaɓa. Ban san me na je nema ba. Ganuwar an kwashe ƙasarta an yi bulo. Ramukan marina sun zama juji. Inda turaka suke, babura ne a jingine. Dawakin da suka rage ba su da yawa, an ce min haya ake ba da su, ango ya hau a ɗauke shi hoto a waya ya sauka. Duwatsun dai suna nan. Na kama kaina ina faɗa a fili, suna nan ashe, har ɗan acaɓan ya waigo.

Taubashin ya daɗe da rasuwa. Ɗansa na samu, saurayin nan da ya ce hayaniya ce ta yi yawa, shi ma gemu ya yi fari. Da na faɗi ko jikan wane ne ni, sai ya sa takalmi ya ce in biyo shi. Ya kai ni gindin wata tsamiya a bayan gari, ba nisa da inda muka zauna da Kaka.

Ya ce, "Nan yake. Baba ya hana a ja shi daji a bar wa ungulu. Rami ya sa muka haƙa. Ranar da kuka tafi kuwa, barga ya shiga ya turo ƙofa. Da ya fito cewa ya yi, kakanka ya gane, tun daga fiton da ya yi wa dokin ya gane."

Sai a lokacin ya faɗo min a rai cewa shi ma tsohon nan shekara da shekaru yana yanka wa dokin ciyawa, yana tashi duba shi in ya yi tari. Shi kuma wa ya yi masa gaisuwa? Ko yaro ɗan jagora bai samu ba. Tsofaffi biyu, rashi ɗaya, kowa ya haɗiye nasa don kar ya karya ɗan'uwansa. Na tsaya a gindin tsamiyar kamar gunki. Ɗan ya ce in zo mu sha fura, na ce rana ta yi.

Yanzu 'ya'yana in sun ce "garinmu", da cikakken baki suke faɗa. An sa wuta, an yi kwalta, suna cewa ina tsohon garin zai kamo wannan. Ina jin su sai in tuna wani yaro yana tsalle yana cewa wallahi ya fi yadda kake faɗa. Ba na gyara musu. Da me zan gyara? Ni ma wanda aka aro ɗin kaɗai na taɓa gani da idona. Waɗanda suka san na ainihin da hannunsu duk sun tafi, kuma ba su yi gardama ba, dariya suka yi don a ji daɗi.

Sirdin gara ta cinye shi tuntuni. Ragamar tana nan a ƙusa, a ɗakina. Jiya tunkiyar nan ta tsinke igiya, matata ta shigo ta miƙa hannu za ta ɗauko ta, tana cewa ga wata nan tana zaman banza. Na ce ta nemi wata.